Waiwaye: Yadda Tsohon Kwafin Ko-ta-kwana Ya Koma Ma'ajiyar Ƙunshi

Kwafin ko-ta-kwana da aka ɗauka jiya yana iya amfani yau da safe, idan wani ya goge fayil bisa kuskure ko sabar ta mutu. Wanda aka ɗauka shekara uku da suka wuce kuwa, galibi doka ko masu binciken asusu ne suka sa ake riƙe da shi, kuma da wuya a buɗe shi. Ajiye su biyun a kan faifai mai sauri iri ɗaya ɓarnar kuɗi ce, kuma an daɗe da gane hakan.

A 1978 IBM ta fito da manhajar HSM a manyan kwamfutocinta. Aikinta shi ne ta lura da fayil ɗin da aka daɗe ba a taɓa ba, ta sauke shi zuwa ma'aji mai rahusa, ta rubuta a kundi inda ya koma. Shekaru da dama ƙarshen wannan sauka tef ne. Tef samfurin LTO na farko ya fito a 2000 da gigabait 100 a kaset guda, LTO-9 kuma na 2021 yana ɗaukar terabait 18 ba tare da matsewa ba. Daga baya na'urorin cire maimaici, masu ajiye kowane gutsuren bayanai sau ɗaya kawai, irin na Data Domain, suka sa ajiye kwafi a faifai ya yi araha, amma sun kawo wani abu da har yau yake damun masu aikin: kwafin yau yana dogara da gutsattsarin da aka rubuta watanni da suka wuce.

Amazon ta buɗe S3, ma'ajiyar ƙunshi ta intanet, a Maris 2006. A irin wannan ma'aji kowane abu ƙunshi ne mai suna, ana jefa shi cikin bokiti ta intanet, kuma ba a gyara tsakiyarsa, sai dai a rubuta sabo ɗungurungum. Wannan hali ya dace da kwafin da aka gama da shi. A Agusta 2012 Glacier, ma'ajin Amazon mai rahusa na bayanan da ba a cika buɗewa ba, ya zo da santi ɗaya na dala a kan kowane gigabait a wata, da sharaɗin jira na awa 3 zuwa 5 kafin a karɓo abu. Deep Archive, mataki mafi rahusa a S3, ya biyo baya a 2019. A shekarar ce Veeam, manhajar ɗaukar kwafin ko-ta-kwana, ta fara kwashe tsofaffin kwafi zuwa ma'ajiyar ƙunshi da kanta, a 2020 ta ƙara zaɓin kwafewa nan take, a 2023 kuma ta ba da damar rubutawa can kai tsaye. Masu son riƙe komai a hannunsu sukan kafa manhajar Ceph ko MinIO a kan sabobinsu, waɗanda ke magana da yaren S3.

Bambancin kwashewa da kwafewa shi ne inda aka fi tafka kuskure. Kwashewa tana 'yanta fili a faifai mai sauri, amma bayan ta kammala kwafi ɗaya tak ya rage, yana can cikin bokiti. Wanda yake ganin ya cika ƙa'idar 3-2-1, wato kwafi uku a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, sai ya wayi gari bai cika ta ba a kan tsofaffin bayanansa. A ganinmu a kunna duka biyu: a kwafe da zarar aiki ya ƙare, a kwashe bayan kwanakin da aka tsara, misali 14 ko 30, gwargwadon nisan da ake yawan komawa baya wajen dawo da fayil. A kuma sani cewa sarƙar da aka rufe kaɗai ake kwashewa, wato cikakken kwafi da ƙare-ƙaren da suka biyo shi bayan an ɗauki wani sabon cikakken kwafi. Idan tsarin bai taɓa ɗaukar sabon cikakken kwafi ba, ƙari ne kawai a kan ƙari, to sarƙar a buɗe take, faifan zai cika alhali ana zaton ana saukewa.

Farashin gigabait shi ke jan ido, amma lissafin yana ɓuya a wasu wurare. Manhajar da ke yanka bayanai gutsure na megabait 1, ya matse ya koma kusan rabi, za ta samar da ƙunshi wajen miliyan 200 a terabait 100 na bayanan da aka riga aka matse, kuma kowace turawa ana cajin ta. A Glacier ana ƙara kilobait 40 na bayanan rajista a kan kowane ƙunshi, wanda a wannan misali ya kai terabait 8 da ba naka ba amma kai za ka biya. Shi ya sa manhajoji ke haɗa ƙananan gutsattsari su zama manya kafin su tura su mataki mafi sanyi, wato mai rahusa mai jinkirin karɓowa. Akwai kuma mafi ƙarancin zaman da ake cajin kuɗinsa: kwana 30 a matakin Standard-IA na S3, 90 a Glacier Flexible Retrieval, 180 a Deep Archive da matakin Archive na Microsoft Azure, 365 a Archive na Google. Kwafin da za a goge bayan wata biyu, idan aka kai shi Deep Archive, kuɗin wata shida za a biya.

Kada a sa dokar sauya mataki ta bokiti a kan bayanan da manhajar kwafi ke kula da su, sai in ita manhajar ta ce tana goyon baya. Bokitin bai san wane gutsure ne sabon kwafi ke dogara da shi ba, shekarunsa kawai yake gani. Zai daskarar da gutsuren da ake buƙata a daren nan, aiki ya faɗi, ko dawowa ta tsaya.

Yawaitar harin masu garkuwa da bayanai ya ƙara wa wannan ma'aji daraja. Object Lock na S3 ya zo a Nuwamba 2018, kuma a yanayinsa mafi tsauri ko mai babban asusu ba zai iya goge ƙunshi ba kafin wa'adi. Kariya ce ta gaske, sai dai wa'adin da aka rubuta ba daidai ba shi ma ba ya janyuwa, don haka a gwada da ƙaramin bokiti tukuna.

Ranar dawowa kuma a lissafa ta tun kafin a sauke komai. Deep Archive yana ɗaukar har awa 12 kafin ya saki bayanai, ko 48 a hanya mai rahusa. Bayan nan terabait 100 a kan layin gigabit 1 a daƙiƙa zai ci fiye da kwana 9, ga kuɗin karɓowa da na fitarwa. Kundin manhajar da mabuɗin sirranta bayanai a ajiye su wajen sabar da ake karewa. A riƙa kafa sabuwar sabar gwaji lokaci-lokaci, a haɗa ta da bokitin da izinin karatu kawai, a dawo da inji guda cikakke, a rubuta awannin da aikin ya ci da abin da aka caja.