John Adams, lauyan da ya tsaya wa sojojin Ingila kuma ya zo ya shugabanci Amurka

Wai shi John Adams ɗin nan wane ne?

Shi ne shugaban Amurka na biyu bayan George Washington, ya yi mulki daga 1797 zuwa 1801. Amma kafin nan lauya ne, kuma ni gaskiya lauyancin nasa ya fi shugabancin taɓa min zuciya. An haife shi a 1735 a garin Braintree da ke Massachusetts, lokacin Turawan Ingila ne ke mulkin wajen. Babansa manomi ne mai ɗinkin takalma, burinsa yaron ya zama limamin coci shi ya sa ya tura shi kwalejin Harvard. Ya gama a 1755 ya ɗan taɓa koyarwa a Worcester, abin bai kwanta mai ba, sai ya je ya zauna a gindin wani lauya James Putnam yana koyon aiki kamar yadda yaro ke zama wajen maigida ya koyi sana'a. A 1758 ya fara tsayawa a kotu.

Me ya kai shi kare sojojin da suka kashe mutanen garinsu?

To nan fa maganar take. Ranar 5 ga Maris 1770 a Boston jama'a suka taru suna jifan wasu sojojin Ingila da ƙanƙara da sanduna suna zaginsu, sojojin suka buɗe wuta mutum 5 suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, baƙar fata. Gari ya ɗau zafi kowa jinin sojojin nan yake so, neman lauya ya gagare su. Adams fa shi kansa yana cikin masu adawa da mulkin Ingila, yana da shekara 34, ga mata ga ƙananan yara, ya san zai iya rasa masu kawo mai aiki, amma ya karɓi shari'ar don a ganinsa ko wane ne aka kai gaban alƙali dole ya samu mai tsaya mai.

Kuma ya yi aikin tsakani da Allah. An wanke kyaftin ɗinsu Thomas Preston, cikin sojoji 8 aka saki 6, biyu aka same su da laifin kisa ba da gangan ba, aka ɗana musu ƙarfe mai zafi a babban yatsa aka sallame su. Ku duba fa, mutumin nan da zai zo ya zama na gaba gaba wajen neman 'yanci daga Ingila shi ne ya hana a rataye sojojinta a kan fushin jama'a. Wallahi ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne wannan.

Ya aka yi ya shiga siyasa?

A 1774 aka tura shi Philadelphia wakilin Massachusetts a majalisar yankunan Amurka da ke ƙarƙashin Ingila. Shi ya kawo sunan Washington a ba shi jagorancin soja a 1775, yana kuma cikin mutum 5 da aka ɗora wa shirya takardar ayyana 'yanci ta 1776, Thomas Jefferson ya rubuta, shi kuma Adams ya kare ta da baki a zauren. Daga nan sai jakadanci, Faransa, Holand inda ya samo wa ƙasar bashi, ya sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 1783 da ta ƙare yaƙin neman 'yanci daga Ingila, sannan Landan. Ya dawo ya yi wa Washington mataimaki shekara 8.

Matarsa fa?

Abigail Smith, 'yar limamin coci ce, sun yi aure a 1764. Ba ta yi makaranta ba, a gida ta yi karatunta amma kaifin hankalinta ko mijin ya sallama. Duk shekarun da yake yawon majalisa da Turai ita ce riƙe da gona da yara da harkar kuɗin gida, ga yaƙi a bakin ƙofa ga annobar agana. Wasiƙun da suka rubuta wa juna sun haura 1,100 kuma suna nan an adana. A Maris 1776 ta rubuta mai cewa in za su tsara dokokin sabuwar ƙasa su tuna da mata, shi kuma ya mai da abin wasa, a nan kam ita ce da gaskiya. Ta rasu a 1818.

'Ya'yansu duk sun yi albarka?

Ba duka ba, kuma wannan ɓangaren yana da ban tausayi. John Quincy, wanda uban ya tafi da shi Faransa yana ɗan shekara 10, shi ya zama shugaban Amurka na shida a 1825 uban yana raye ya gani. Amma Susanna ta rasu tana jaririya, akwai wata da aka haifa ba rai a 1777. Charles ya karanta lauya kamar uban, giya ta cinye shi ya mutu a 1800 yana da shekara 30, bayan uban ya yi fushi ya yanke hulɗa da shi. Thomas ma ya sha fama da giya. Babbar 'yar, Nabby, ciwon daji na nono ya kashe ta a 1813 bayan an yi mata tiyata ba allurar kashe zafi. Ni ina ganin nisan da ya yi da gida shekara da shekaru da kuma tsananinsa sun taɓa yaran nan, gidan ya biya kuɗin hidimar da ya yi wa ƙasa.

Mulkin nasa ya yi kyau kuwa?

Da daɗi ba daɗi. 'Yan jam'iyyarsa sun matsa a shiga cikakken yaƙi da Faransa ya ƙi, ya tura wakilai aka sasanta a 1800, hakan ya raba kan jam'iyyar ya kuma taimaka wajen faɗuwarsa zaɓe a hannun Jefferson. Shi ne ya sa hannu a yarjejeniyar Tarabulus ta 1797, wadda a cikinta aka rubuta cewa Amurka ba ta da gaba da addinin Musulmi. Bai taɓa mallakar bawa ba ko ɗaya, a zamanin da Washington da Jefferson ke da bayi birjik.

Amma akwai tabo babba. A 1798 ya sa hannu a dokokin da suka ba da damar ɗaure mai sukar gwamnati, kuma an ɗaure 'yan jarida da su. Mutumin da ya tsaya wa abokan gaba a kotu ya zo ya yarda da wannan, abin yana min ciwo kuma ban ga uzurin da zan ba shi ba.

Da gaske ne rana ɗaya suka mutu da Jefferson?

Da gaske ne. Bayan zaɓen 1800 sun yi shekaru ba sa ga maciji, har abokinsu likita Benjamin Rush ya shiga tsakani suka koma rubuta wa juna wasiƙa a 1812. Su biyun suka rasu ranar 4 ga Yuli 1826, daidai cikar shekara 50 da ayyana 'yanci, Jefferson da rana a Virginia, Adams da yamma a gidansa na Quincy yana da shekara 90.