Waiwaye: Yadda wasannin intanet suka yi ta fama da bambancin Windows, Mac da Linux

Wasan da ake bugawa ta intanet ya bambanta da wanda mutum ke saya ya buga shi kaɗai a ɗakinsa, domin rabinsa ne kawai yake zaune a kwamfutar ɗan wasa, sauran rabin kuma yana can a manyan kwamfutocin kamfani da ake kira uwar garke. Dole ne ɓangarorin biyu su kasance a kan siga ɗaya, in ba haka ba uwar garke ta ƙi karɓar ɗan wasan. Saboda haka duk gyaran da kamfani ya yi, komai ƙanƙantarsa, sai ya isa ga kowa a rana ɗaya, ko mutum yana amfani da Windows ne, ko Mac, ko Linux. Wannan wajibcin shi ne tushen takaddamar da aka shafe fiye da shekara ashirin ana yi, kuma tarihin Steam, dandalin wasanni na kamfanin Valve da ke Amurka, ya fi kowane bayyana yadda ta gudana.

A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, idan sabon gyara ya fito, ɗan wasa ne da kansa zai nemo fayil ɗin a wani shafi, ya sauke, ya girka. Wasu su yi da wuri, wasu su makara, masu riƙe da uwar garke su ma kowa da lokacinsa, sai a wayi gari 'yan wasan Counter-Strike sun rabu gida-gida na tsawon kwanaki. Valve ya ƙaddamar da Steam a watan Satumba na 2003 musamman don magance wannan da kuma daƙile masu magudi: manhajar ce za ta riƙa duba ko akwai sabon abu, ta sauke shi kafin a shiga wasa. Da farko 'yan wasa sun yi ta ƙorafi saboda jinkiri da cunkoso, kuma ƙorafin ya ƙaru a 2004 lokacin da aka wajabta Steam ga duk wanda ya sayi Half-Life 2, har da wanda ya saye shi a faifai. Duk da haka tsarin ya zauna daram. A 2013 aka sauya hanyar rarrabawa zuwa wadda ake kira SteamPipe, inda ake yayyanka fayiloli ƙanana-ƙanana, kowane kusan megabayit ɗaya, ta yadda sai gutsuren da ya canza kawai ake saukewa. Wanda yake sayen data da kuɗinsa a Kano ko Maraɗi ya san muhimmancin wannan dabara, ko da yake idan masu ƙera wasa suka tattara kayansu cikin ƙaton fayil guda ba tare da lura ba, ƙaramin gyara ma kan zama gigabayit masu yawa.

Matsalar sabuntawa ta sami magani ke nan, amma a kan Windows kaɗai. Steam bai isa Mac ba sai a watan Mayu na 2010, Linux kuwa sai Fabrairun 2013, bayan shugaban Valve, Gabe Newell, ya fito fili a 2012 ya soki Windows 8, bisa fargabar cewa Microsoft zai iya mayar da kantinsa na manhajoji ya zama ƙofa ɗaya tilo. Ba wannan ne karo na farko da aka gwada kai wasanni Linux ba, domin kamfanin Loki ya yi ta fassara su tun daga ƙarshen shekarun 1990, sai dai ya durƙushe a farkon shekarun 2000.

A Linux ne aikin ƙunshe manhaja ya fi wuya, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. Babu wani abu guda da ake kira Linux wanda mai ƙera wasa zai auna aikinsa a kai. Akwai Ubuntu, akwai Debian, Fedora, Arch da sauransu, kowane da irin ƙunshinsa da lokacin fitar da sabuwar siga. Wasa kuma ba ya tafiya shi kaɗai, yana aron ƙananan fayiloli daga babbar manhajar kwamfuta don sauti, zane da sadarwa. Idan an gina shi da tsammanin zai tarar da wata sigar fayil, ya kuma tarar da wata daban, sai ya ƙi buɗewa, sau da yawa ba tare da wani bayani da talaka zai fahimta ba. Maganin da Valve ya kawo shi ne Steam Runtime, wato tarin waɗannan fayiloli da aka daskarar a kan Ubuntu 12.04, wanda Steam ke tafe da shi duk inda ya je, kamar baƙon da ya zo da tukunyarsa da itacensa don kada ya dogara da na masu gida. Daga baya aka gina sababbin sigogi a kan Debian, aka kuma killace wasa cikin wani keɓantaccen muhalli. Duk da wannan, ƙasan na iya motsawa: a watan Yuni na 2019 kamfanin Canonical, mai Ubuntu, ya sanar da cewa Ubuntu 19.10 zai daina ɗaukar fayilolin tsarin bit 32, tsohon tsarin da wasanni da yawa suka dogara da shi, Valve ya ce to shi ma zai daina ba da shawarar amfani da Ubuntu, cikin 'yan kwanaki Canonical ya sassauta. A 2022 kuma wani canji a glibc 2.36, ɗaya daga cikin fayilolin tushe na Linux, ya hana wasanni masu amfani da manhajar hana magudi ta Easy Anti-Cheat tashi a wasu kwamfutoci.

Na Mac matsalar ta wata fuska ce, domin a can kamfani ɗaya ne yake yanke hukunci, kuma ba ya waiwaye. A 2018 Apple ya ayyana tsarin zane na OpenGL a matsayin tsohon yayi don a koma ga nasa tsarin zane, Metal. A 2019 macOS Catalina ya daina buɗe duk wata manhajar bit 32, wanda ya kashe tsofaffin wasanni masu yawa a dare ɗaya, aka kuma tsaurara sharaɗin cewa manhaja sai ta sami hatimin amincewar Apple. A 2020 aka fara sauya ƙwaƙwalwar kwamfutocin daga ta Intel zuwa M1. Kowane ɗayan waɗannan matakai yana nufin sabon aiki ga mai ƙera wasa. Rikicin Apple da Epic, kamfanin da ya ƙera wasan Fortnite, a watan Agusta na 2020 ya nuna wani haɗarin kuma: da aka rufe asusun Epic, Fortnite na Mac ya daina samun sabuntawa, masu shi suka tsaya a tsohuwar siga, sauran duniya ta wuce ta bar su.

A nan ne lissafin kuɗi ya shigo, kuma a ganina shi ne ainihin abin da ya juya tarihin. Fassara wasan da aka gama shi zuwa wata babbar manhaja aiki ne na sau ɗaya, amma wasan intanet ba ya ƙarewa, don haka kowace babbar manhaja da aka ɗauka ta zama nauyin da za a riƙa gwadawa da gyarawa a duk mako. A watan Maris na 2020 Psyonix ya cire Rocket League na Mac da Linux daga wasan intanet, yana mai cewa duka biyun kashi 0.3 cikin ɗari ne na 'yan wasansa. Valve ma da kansa, da ya fitar da Counter-Strike 2 a 2023, bai yi sigar Mac ba.

Hanyar da ta yi nasara a ƙarshe ba ita ce aka fara nufa ba. Kwamfutocin Steam Machine da Valve ya fito da su a 2015, waɗanda suka dogara da a riƙa gina wasanni musamman don Linux, ba su karɓu ba. A watan Agusta na 2018 sai Valve ya fito da Proton, wanda aka gina a kan Wine, tsohon aikin sa-kai na buɗe manhajojin Windows a kan Linux da aka fara tun 1993, tare da haɗin gwiwar kamfanin CodeWeavers da kuma DXVK na Philip Rebohle, mai juya umarnin zane na DirectX, tsarin Windows, zuwa Vulkan, wanda Linux ke ganewa. Ma'anarsa ita ce mai ƙera wasa ya gina sigar Windows kawai, ya sabunta ta kawai, Proton kuma ya yi tafinta a tsakani. An fara da wasanni 27 da aka tabbatar suna aiki, amma da na'urar hannu ta Steam Deck, wadda Valve ya gina a kan Linux, ta fito a Fabrairun 2022, dubbai ne suke tafiya ta wannan hanya. Abin ban mamaki a ciki shi ne tsarin Windows ya zama ma'auni mafi tabbas ga wasanni a kan Linux, har wasu kamfanoni suka daina kula da sigoginsu na asali.

Inda tafintar ta gaza shi ne wajen manhajojin hana magudi, waɗanda a Windows suke kutsawa har cikin zuciyar babbar manhaja don sa ido. Linux a buɗe yake, mai shi na iya canza zuciyar yadda ya ga dama, saboda haka kamfanoni ba su amince da abin da take gaya musu ba. A 2021 Easy Anti-Cheat da BattlEye sun sanar da cewa za su yi aiki da Proton, amma sai mai ƙera wasa ya ga damar kunna wannan zaɓi. Epic bai kunna wa Fortnite ba. Riot ya shigar da tasa manhajar hana magudi, Vanguard, cikin League of Legends a 2024, abin da ya rufe ƙofa ga masu Linux da suka daɗe suna bugawa ta Wine, sannan a ƙarshen Oktoban 2024 ɗin EA ya toshe Linux daga Apex Legends, har da masu Steam Deck, bisa hujjar cewa masu magudi suna fakewa a can.