Yadda sassaƙe-sassaƙen coci suka koma gidan tarihi a Valladolid

Mai ziyarar Gidan Tarihin Sassaƙa na Ƙasa da ke Valladolid, a ƙasar Sifaniya, zai ga siffofin katako masu tsayin mutum a jere ƙarƙashin fitilu. Ba don wannan zauren aka sassaƙa su ba. Mafi yawansu a coci da gidajen ruhbanawa, wato Kiristocin da suka keɓe kansu don ibada, suka shafe ƙarnoni, mutane na durƙusawa a gabansu.

Bashi da yaƙi ne suka fito da su. A 1835 da 1836, gwamnati na fama da yaƙin basasa kan gadon sarauta, baitulmali kuma ya yi ƙasa. Minista Juan Álvarez Mendizábal ya rufe gidajen ruhbanawa, ya sa gonakinsu da gine-ginensu a kasuwa. Zane-zane da sassaƙe-sassaƙe da dama sun salwanta a wannan hargitsi. Waɗanda suka tsira a lardin aka tara a tsohuwar makarantar Santa Cruz, aka buɗe wa jama'a a 1842. Sai a 1933 aka ba wurin matsayin gidan tarihi na ƙasa, aka mayar da shi makarantar San Gregorio, ginin ƙarshen ƙarni na 15. A nan ne fa, a 1550, malaman Sifaniya biyu, Bartolomé de las Casas da Juan Ginés de Sepúlveda, suka yi muƙabala kan halascin yaƙar 'yan asalin nahiyar Amurka.

Aikin kansa abin tsayawa ne a kalla. Alonso Berruguete da Juan de Juni a ƙarni na 16, da Gregorio Fernández a bayansu, da katako suka yi aiki, ana bi da fenti da ruwan zinare. A zamanin Fernández har idon gilashi ake sakawa, da haƙoran ƙashi ko hauren giwa, da faratan ƙaho, domin mai kallon siffar Yesu a kwance ya ji raɗaɗin raunukan a jikinsa. Allon adon bayan bagade da Berruguete ya yi wa cocin San Benito yanzu gunduwa-gunduwa ake nuna shi, kuma ina jin ciwon hakan: abu ne da aka ƙera don a ɗaga kai a kalle shi ɗungurungum.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutanen garin ba su saki kayansu ba. Tun shekarun 1920, da babban limamin Katolika na birnin, Remigio Gandásegui, ya farfaɗo da jerin gwanon makon Ista, gidan tarihin ke ba ƙungiyoyin masu ibada aron wasu siffofin. Ranar Juma'ar da ke gabanin Ista a zagaya da su titunan birni, sannan a mayar. Masu kula da kayan na fargabar ruwan sama da jijjiga, shi ya sa idan hadari ya haɗu akan fasa fitar da su.