Can (nahawun Ingilishi)

Can, da ake furtawa "kan", aikatau ne na taimako a harshen Ingilishi. Yana jingina da wani aikatau don ya nuna mutum ya iya abu, ko kuma an ba shi izinin yinsa. Yana cikin ƙaramin rukuni guda da may, must, will da shall. A Nijar, inda ake fara koyon Ingilishi a ajin siziyam, wato ajin farko na kwaleji, yana cikin kalmomin da ɗalibi ke cin karo da su tun da wuri. A rubuce bai da bambanci da "can" ta Hausa mai nuna nesa, shi ya sa sabon ɗalibi a Damagaram kan karanta shi kamar yadda zai ce "can Birni" kafin malam ya gyara masa.

Asali

Kalmar ta fito daga cunnan na tsohon Ingilishi, harshen da aka yi magana da shi a Ingila daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 11. A lokacin ma'anarta "sani" ce. Wanda ya ce ic cann yana nufin na sani, ko na san yadda ake yi. Daga sanin yadda ake abu ma'anar ta zarce zuwa iya yinsa, daga nan kuma ta kai ga samun damar yinsa. Ƴan uwanta na nan a harsunan dangi, kamar können na Jamusanci. A cikin Ingilishi kansa akwai cunning, mai nufin wayo, da uncouth, wanda a da yake nufin abin da ba a sani ba, yanzu kuma ake kiran marar ladabi da shi.

Masana tarihin harshe sun nuna cewa siffar can tun farko ta shuɗaɗɗen lokaci ce, sai aka koma amfani da ita a matsayin ta yanzu. Wannan ne dalilin da ya sa ba a liƙa mata s idan ana maganar mutum na uku. Ana cewa she works, amma she can. Da tsohuwar siffar ta koma ta yanzu, sai aka samar mata sabuwar ta baya, cuthe, wadda ta zama coude, daga bisani could. Harafin l da ke ciki ba na gado ba ne. An cusa shi ne wajen ƙarni na 15 zuwa na 16, don rubutun ya yi kama da na would da should, waɗanda nasu l ɗin na asali ne. Har yau ba a furta shi.

A zamanin tsohon Ingilishi may, daga magan, shi ne mai ɗauke da ma'anar ƙarfi da iko. Sannu a hankali can ya karɓe wannan fage, may ya koma na izini da yiwuwa.

Siffa

Aikatau da ke bin can yana zuwa tsurarsa, ba to a gabansa, ba ƙari a bayansa: Hadiza can read, wato Hadiza ta iya karatu. Korewa ita ce cannot, a haɗe ake rubuta ta, a baki kuma a taƙaita ta zuwa can't. Mutanen kudancin Ingila kan ja wasalin can't, Amurkawa ba sa ja haka. Wajen tambaya ana sa can a gaba, ba a neman do: Can you drive? Amsa a gajarce ita ce Yes, I can ko No, I can't. Ba a haɗa shi da will, sai a ce will be able to.

Iyawa

Nan can ya fi aiki. Ya ƙunshi ƙwarewar da aka koya, kamar He can sew, ya iya ɗinki, da ƙarfin jiki, kamar She can carry the bucket, tana iya ɗaukar bokitin, da damar da hali ya bayar, kamar We can go to Mirriah today, muna iya zuwa Mirriya yau. Hausa na riƙe duka ukun da kalma ɗaya, "iya", sai dai lokacin aikatau ya bambanta su: "na iya" ƙwarewa ce, "ina iya" ko "zan iya" dama ce.

Izini

Can I go out? neman izinin fita ne, You can sit here bayarwa ne, You can't park here hani ne. Could I ya fi nuna ladabi, May I kuma ya fi dacewa da gaban babba ko ofis. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya ware can ga iko, may ga izini, kuma wasu malamai na bin wannan har yanzu. Yawancin littattafan nahawu na zamani sun yarda da can a duka biyun. Ana ganin amfani da shi don izini ya yaɗu ne wajen ƙarni na 19.

A Damagaram

Ɗalibin Zinder yana isowa Ingilishi ta kan Faransanci, wanda ya raba abin gida biyu: savoir na ƙwarewa, pouvoir na dama da izini. Daga nan ake samun kuskure irin I know swim, wanda fassarar je sais nager ce kai tsaye, alhali da yaro ya tashi daga "na iya iyo" da ya faɗa kan I can swim ba wahala. Sauran kurakuran da aka saba gani a takardun masu shirin jarrabawar kammala kwaleji, wato BEPC, su ne she cans da I can to go. Na biyun yakan biyo bayan sabawa da I want to go.

Fatake da direbobin da ke bin hanyar Matamaye ko Magariya zuwa Daura da Kano kan tsinci kalmar a baki ba tare da shiga aji ba, ko da yake a Ingilishin kasuwa na Najeriya fit ne ke yin wannan aiki, kamar a I fit do am. A Nijar, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Wata ma'ana

Akwai suna can mai nufin gwangwani. Asalinsa daban ne.