Danna "I Agree" ba ya nufin ka sallama dukkan haƙƙinka

Jama'a da yawa sun ɗauka wai da zarar ka danna wannan maballin wajen saka manhaja, shikenan duk abin da kamfani ya rubuta ya zama doka a kanka. Ba haka abin yake ba gaskiya, ya danganta da ƙasar da kake.

A Tarayyar Turai dokar manhajoji ta 2009 ta ce wanda ya mallaki manhaja ta halal yana da damar ajiye kwafi don gudun lalacewa, yana da damar nazarin yadda take aiki, kuma duk sharaɗin da ya hana wannan banza ne ko da ka danna sau goma. A 2012 ma kotun Turai ta yanke a shari'ar UsedSoft da Oracle cewa za ka iya sayar da lasisin da ka saya na dindindin.

Amurka ce abin ya cakuɗe. A shari'ar Vault da Quaid ta 1988 kotu ta ƙi amincewa da sharaɗin hana kwance manhaja a duba cikinta, amma a 2003 a shari'ar Bowers da Baystate wata kotun ta ce mutum zai iya sarayar da wannan haƙƙin ta yarjejeniya, ni dai wannan hukuncin na biyu bai kwanta min ba, don ba a yi ciniki da mai saye ba, rubutu kawai aka ajiye masa.