Karatun injiniyancin gine-gine a Najeriya

Injiniyancin gine-gine fanni ne na ilimi da ke kula da tsarawa da ginawa da gyaran ayyukan da jama'a ke amfana da su tare, irin su hanyoyin mota da na jirgin ƙasa, gadoji, madatsun ruwa, magudanai da manyan benaye. Sau da yawa akan haɗa shi da aikin mai zanen gidaje, alhali kowa da gonarsa. Mai zane ke fitar da siffar gini da tsarin ɗakuna. Injiniya kuwa shi ke lissafa kaurin ginshiƙi, da yawan rodin da zai shiga dakin, wato rufin kankare, da zurfin harsashin da zai ɗauki nauyin ginin gaba ɗaya.

Asali

A Turai fannin ya rabu da injiniyancin soja a ƙarni na 18. Faransa ta kafa makarantar gadoji da hanyoyi a Faris a 1747, Ingila kuma ta samu ƙungiyar injiniyoyin gine-gine a Landan a 1818. A arewacin Najeriya karatun ya kafu ne a Zariya, a kwalejin fasaha da kimiyya ta shekarun 1950, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta gada da aka buɗe ta a 1962. Yau ana koyar da shi a jami'o'i da dama, ciki har da ta Bayero a Kano, ta Maiduguri, ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da ta fasaha a Minna.

Shiga da tsawon karatu

Mai neman gurbi yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma waɗannan huɗun ne zai rubuta a JAMB. Digirin shekara biyar ne. Wata hanyar ita ce ta kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Kaduna: ƙaramar difloma shekara biyu, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan babbar difloma shekara biyu. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i, hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, mai hedikwata a Kaduna ke tantance na kwalejoji.

Abin da ake koyarwa

Shekara biyun farko kusan ɗaya suke ga duk ɗaliban injiniyanci: lissafi mai zurfi, zanen injiniya, ilimin ƙarfin kayan aiki da aikin hannu a wakshof. Daga aji uku ake shiga ainihin fannin, wato nazarin yadda gini ke rarraba nauyi, tsara kankare mai rodi da ginin ƙarfe, ilimin ƙasa da harsashi, ilimin gudanar ruwa, safiyo, da tsara hanyoyi. Ana koyon zane da manhajoji irin su AutoCAD, amma malamai kan nace ɗalibi ya fara iya lissafin da hannunsa, don wanda bai san inda amsa ta dosa ba ba zai gane kuskuren kwamfuta ba.

Inda karatun ke zama sana'a shi ne ɗakin gwaje-gwaje. A nan ɗalibi ke kwaɓa kankare da kansa, misali awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ya zuba a mazubi mai faɗin milimita 150 ta kowane ɓangare, ya jiƙa dunƙulen a ruwa, sannan a matse shi a na'ura bayan kwana 7 da kuma kwana 28 har ya fashe. Nauyin da ya ɗauka kafin ya fashe shi ne ƙarfinsa. Darasin da ke fitowa a fili shi ne na ruwa. Lebura ya fi son kankare mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubi, amma duk ruwan da ya wuce ƙima rage ƙarfi yake yi, domin idan ya bushe yakan bar ƙananan kafofi a ciki. Bayan zubi kuma lamarin yakan juya: dole a riƙa ba kankaren ruwa na kwanaki, saboda siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce. A zafin bazara ko iskar hunturu, dakin da aka bari ba ban ruwa yakan tsattsage tun ba a cire katako ba.

Haka ƙasa take da nata halin. Jar marmara da ta yawaita a ƙasar Hausa tana yin kyau wajen cikon hanya idan an daddale ta da daidai danshin da take so, kuma gwaji ne ke nuna wannan danshin. Baƙar lakar yankin Tafkin Chadi kuwa takan kumbura da damina ta tsuke da rani, ta fasa kwalta ta tsaga bango, sai an cire ta ko an gauraya ta da farar ƙasa ko siminti. Littafin da aka rubuta a wata nahiya ba zai sanar da ɗalibi wannan kamar yadda hannunsa zai sanar da shi ba, shi ya sa makarantar da na'urorinta suka lalace take cutar ɗalibanta ko da malamanta gwanaye ne.

Fannin ruwa ma yana da misalai a kusa: madatsar Kainji da aka kammala a 1968, ta Tiga a 1974, ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, da ta Alau a watan Satumbar 2024 wadda ambaliyarta ta mamaye Maiduguri.

Sanin makamar aiki da rajista

A aji huɗu ɗalibi yakan yi wata shida a wurin aiki ƙarƙashin shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ya ƙirƙiro a 1973. Can yake koyon karanta zane a gaban birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi, waɗanda galibi sun girme shi a shekaru da aiki, da kuma yadda ake ce wa ɗan kwangila a tsayar da zubi idan rodi bai cika ba. Aji biyar na bincike ne da rubuta kundin kammalawa.

Digiri kaɗai ba ya ba mutum izinin sa hannu a zanen gini. Wannan hurumin COREN ne, majalisar da doka ta 55 ta 1970 ta kafa, wadda ke yi wa injiniyoyi rajista tana kuma tantance sassan da ke yaye su. Sai wanda ya yi shekaru yana aiki ƙarƙashin ƙwararre, ya gabatar da rahoton ayyukansa, ya tsallake tantancewa, ake ba shi lamba da hatimi. Yawancinsu kan shiga ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, NSE, wadda aka kafa a 1958.