Waiwaye: Kalsiniyurin da ciwon sukari bayan dashen ƙoda

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti a Jidda ko Riyad bayan dashen ƙoda ya san al'adar: a je da sassafe a ɗebi jini kafin a sha maganin safe, domin a auna yawan takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, da ke jiki. Watanni kaɗan bayan an yi wa kawuna dashen ƙoda, likita ya ce masa, "Alhaji, sukarinka ya hau," alhali bai taɓa fama da ciwon ba. Likitan ya bayyana cewa da hannun maganin da ke tsare ƙodar a ciki, kuma asalin lamarin yana ga wani furotin mai suna kalsiniyurin.

An samu irin wannan maganin tun kafin a fahimci yadda yake aiki. Daga wani nau'in fumfuna da aka samu a ƙasar da aka ɗebo a Norwe masanan kamfanin Sandoz na Suwizalan suka tace saiklosforin, wanda Roy Calne ya jarraba a kan masu dashen ƙoda a Kambirij a 1978, kafin Amurka ta amince da shi a 1983. Takrolimus ya biyo baya a 1984, daga bakteriyar da aka samu a yankin Tsukuba na Japan. A Saudiyya kuwa, a 1979 aka yi dashen ƙoda na farko a Riyad.

A wannan shekara ta 1979 ne Claude Klee, wata masaniya a Amurka, ta raɗa wa furotin ɗin suna kalsiniyurin, saboda yana kama sinadarin kalsiyam kuma ya fi yawa a ƙwaƙwalwa. Sai a 1991 Jun Liu da Stuart Schreiber da abokan aikinsu suka nuna cewa magungunan biyu, duk da bambancin tushensu, shi suke toshewa. Aikinsa shi ne, idan kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar halitta, sai ya cire fosfet daga wani furotin da ake kira NFAT, wanda daga nan yake shiga cibiyar ƙwayar ya ba da umarnin sarrafa abin da za ta fitar. A fararen ƙwayoyin jini, abin da ake fitarwa shi ne sinadarin intalukin-2, mai kiran sojojin garkuwar jiki su far wa baƙuwar ƙoda.

Matsalar ita ce ƙwayoyin da ke fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, a fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) su ma da wannan hanyar suke dogaro. A 2006, masu bincike a Jami'ar Stanford suka kashe kalsiniyurin a irin waɗannan ƙwayoyin na ɓeraye, sai ƙwayoyin suka ragu, insulin ya yi ƙaranci, ɓerayen suka kamu da ciwon sukari yayin da suke girma. Likitoci sun kuma lura cewa takrolimus ya fi saiklosforin jawo hakan, ko da yake ya fi shi hana jiki ƙin ƙodar.

A ganina, wannan bayani ya kamata ya isa kunnen iyalanmu na Makka da Madina cikin harshen Hausa tun kafin aiki, domin na ji waɗanda suka so rage maganin da kansu da suka ga sukari ya hau, abin da kan iya salwantar da ƙodar. Kawu dai likita ne ya daidaita masa ma'aunin, ya ƙara masa maganin sukari, ya kuma sa shi taƙaita dabino.